Madubin hangen nesa mai awon nisa: haɗe ko rabe?

Masu kai shanu kasuwar Garwa sun sha ganin Turawan da ke zuwa farauta dazuzzukan da ke kewaye da Benuwe da Faro da Buba Njida, kowane da madubin hangen nesa rataye a wuya. Wasu daga cikinmu da ke da takardar izinin farauta sun yi ta tambaya: a sayi madubin da ke auna nisa da kansa, ko a sayi madubi daban, na'urar awo daban?

Awon nan ba wani tsafi ba ne. In ka danna, na'urar ta harba hasken leza ya bugi dabba ya dawo, sai ta lissafa lokacin. Haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, gwankin da ke mita 300 kuwa amsarsa na dawowa cikin kashi 2 na miliyan na daƙiƙa. Amfaninsa shi ne harsashi yana sunkuyawa in tafiya ta yi nisa. Wanda ya yi kuskuren ƙiyasi sai ya karya wa dabba ƙafa, ta shige kurmi ta mutu mushe, ba nama, ga alhaki.

Kamfanin Leica na Jamus ya fito da Geovid a 1992, madubi da awo a jiki ɗaya. A 1996 Bushnell na Amurka ya fito da na'urar awo ita kaɗai don mafarauta. Na haɗen yana da daɗi, ba a musu: ido bai barin dabba, kana kallo kana karanta nisa. Da na raben kuwa, kafin ka sauke wannan ka ɗaga wancan, barewa ta yi gaba abinta.

To amma mu mutanen hanya ne. Na haɗen ya fi nauyi, ya fi tsada, kuma ranar da wutarsa ta lalace dukansa za a aika waje gyara, ka zauna ba ko ɗaya. Batirinsa ma, yawanci ƙaramin nan ne CR2, kada ka sa rai da shi a tebur ɗin kasuwar ƙauye. Ga hazon hunturu, wanda ke watsa hasken lezan har na'urar ta ƙi ba da amsa, alhali lokacin ne ake farauta.

Mu dai a ganinmu, a sa kuɗin a madubi mai kyau, 8x42, wanda bai rawa a hannu kamar mai ninki 10, yana kuma tara haske da asuba da magariba. Shi zai yi maka aiki shekara duka, ko wajen neman bijimin da ya ɓalle daga garke. Na'urar awo a saya daga baya. Wanda farauta ce sana'arsa, shi kam ya sayi na haɗen.

Kowanne ka saya, ka riƙe rasiɗinsa, kuma kada ka ɗaga shi kusa da shingen sojoji ko jandarmomi a bakin iyaka.