4.3 Ceto Hotuna Daga Wayar Da Ta Maƙale Bayan Sabunta Manhaja: Waiwaye a Ƙasar Minjibir

4.3.1 Gabatarwa

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan matsalar da kan auku idan wayar salula ta zamani ta tsaya cik a yayin da ake sabunta manhajarta, da kuma hanyoyin da za a bi a ceto hotunan da ke cikinta. Za a nuna cewa sau da yawa hotunan suna nan daram a lokacin da wayar ta maƙale, kuma gaggawar gyara ce kan hallaka su.

4.3.2 Matsayin Hoto a Wurin Mutanen Karkara

Ƙaramar Hukumar Minjibir tana arewa maso gabas da birnin Kano, a cikin yankin da gonaki ke manne da juna, kuma kowane taƙi na ƙasa yana da mai shi. Tun daga shekarar 2001 da aka fara amfani da layukan salula a Nijeriya, waya ta yi ta kutsawa cikin rayuwar irin wannan al'umma, har ta kai ga zama ma'ajiya. Alal misali, manomi kan ɗauki hoton takardar cinikin gona ko ta jingina, ɗan kasuwa kan ajiye hoton shaidar tura kuɗi, sa'annan ga hotunan biki da na suna da na iyayen da suka riga mu gidan gaskiya. Ke nan, asarar hoto na iya zama asarar hujja a gaban mai gari ko alƙali.

4.3.3 Dalilan Maƙalewar Waya

Sabunta manhaja aiki ne na sake rubuta umarnin da waya ke tashi da shi. Idan aikin ya katse a tsakiya, sai waya ta rasa cikakken umarni, ta tsaya a kan tambarin kamfani, ko kuwa ta yi ta mutuwa tana kunnuwa. Daga cikin abubuwan da kan jawo haka akwai ƙarewar caji, da cikar ma'ajiya, da lalacewar manhajar da aka sauko da ita. Na farkon ya fi shafar ƙauyuka, inda mutane da dama suka dogara ga shagunan masu caji. A shekarar 2016 kamfanin Google ya shigo da tsarin ajiye manhaja kashi biyu a cikin Android 7, ta yadda idan sabuwa ta ƙi tashi sai waya ta koma kan tsohuwa. Sai dai ba kowace waya ce aka ƙera da wannan tsari ba.

Abin lura a nan shi ne, ma'ajiyar waya a rarrabe take. Ɓangaren manhaja daban, ɓangaren kayan mai waya daban. Saboda haka lalacewar na farko ba ta nufin na biyun ya taɓu.

4.3.4 Matakan Ceto

Mataki na farko shi ne a duba ko hotunan suna wani wuri. A cire katin mimori a gwada shi a wata wayar, domin idan kyamara a kansa take ajiya, to, magana ta ƙare. Haka kuma a shiga Google Photos ta wata na'urar da adireshin imel ɗin mai waya, a kuma tuntuɓi waɗanda aka taɓa tura wa hotunan ta WhatsApp.

Mataki na biyu shi ne a cika wayar da caji, sa'annan a danne maɓallin kunnawa har sai ta mutu ta sake tashi. Idan ta ƙi, sai a shiga sashen farfaɗowa, wanda a wayoyi da yawa akan buɗe shi ta hanyar haɗa maɓallin kunnawa da na ƙara sauti. A nan ne haɗari yake, domin a jerin zaɓin akwai wanda ke mayar da waya yadda ta fito daga masana'anta. Wannan zaɓi yana share komai.

Mataki na uku shi ne zuwa wurin masu gyara, ko dai a garin Minjibir, ko a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, ko a cibiyoyin Carlcare masu kula da wayoyin Tecno da Infinix da itel. Aikin da akan yi shi ne wanda ake kira filashin, wato sake zuba manhaja ta kwamfuta, kuma iri biyu ne. Akwai wanda ke maye gurbin manhaja kaɗai ya bar kayan mai waya, akwai kuma wanda ke wanke ma'ajiyar baki ɗaya. Na biyun ya fi sauƙi da tabbas wajen tayar da waya, don haka wajibi ne mai waya ya faɗa tun da fari cewa hotunan ne buƙatarsa.

4.3.5 Matsalar Kulle Bayanai

A da, akan iya tono hotunan da aka share daga ma'ajiya. Amma tun daga Android 10 na shekarar 2019, an wajabta wa sababbin wayoyi su riƙa kulle bayanai da wani mabuɗi da ke da alaƙa da ita kanta na'urar da kuma lambar sirrin mai ita. Da zarar an wanke waya, mabuɗin ya tafi, kuma abin da ya rage ba ya karantuwa ko da an ciro ma'ajiyar daga jikin wayar. Har ila yau, tun da buɗe hotuna na buƙatar lambar sirri, ya kyautu mai waya ya sa ta da hannunsa, a kwashe hotunan a gabansa, musamman idan akwai na iyali a ciki.

4.3.6 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa nasarar ceto hotuna ta dogara ne ga bin matakai daki-daki, daga wanda ba ya taɓa ma'ajiya zuwa wanda ke taɓa ta. An kuma ga cewa wanke waya mataki ne da ba a dawowa daga gare shi. Bisa ga haka, ya dace a kwafe muhimman hotuna zuwa katin mimori ko wata wayar kafin a amince da sabunta manhaja, a kuma adana ainihin takardun gona da na ciniki, domin hoto inuwarsu ce kawai.