Littafi Kafin Majami'a: Ikon Nassi da Tafiyar Ikkilisiya a Kudancin Damagaram

A yankin da ya haɗa Dantchiao da Magarya da Dungas, kudu da birnin Damagaram kuma daf da iyakar Najeriya, Kiristoci ƴan tsiraru ne ƙwarai, kamar yadda suke a Nijar baki ɗaya, inda ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'a ba. Duk da ƙarancinsu, tarihinsu yana ɗauke da tambayar da ta daɗe tana raba kan Kiristocin duniya, wato wane ne ke da maganar ƙarshe a cikin ikkilisiya: littafin da ake karantawa, ko kuwa jama'ar da ta tattara shi, ta adana shi, take kuma bayyana ma'anarsa. Ikkilisiya a nan tana nufin taron masu bi da shugabanninsu, majami'a kuwa ginin da suke taruwa a ciki. Abin da ya bambanta ƙasar Hausa da wuraren da addinin ya fara shi ne, a can jama'ar ce ta riga littafin zuwa, a nan kuwa littafin ne ya riga jama'ar, kuma wannan juyin ya bar alamarsa a kan shugabanci da karatu da zaman ɗariƙu har yau.

Ikkilisiyar farko ta taso a Urushalima cikin shekarun 30 na ƙarni na farko, a tsakanin Yahudawan da suka gaskata cewa Yesu Banazare shi ne Almasihun da aka yi alkawari, kuma littafin da ke hannunsu a lokacin shi ne na Yahudawa, wato Attaura da Zabura da littattafan annabawa, waɗanda Kiristoci suka kira Tsohon Alkawari daga baya. Yawancin masu bi na biranen Antakiya da Afisa da Roma sun karanta shi cikin fassarar Girkanci da aka yi a Iskandariya ta Masar tun kafin haihuwar Yesu. Rubuce-rubucen Sabon Alkawari sun biyo baya ne sannu a hankali: wasiƙun Manzo Bulus a shekarun 50, Linjilolin Markus da Matiyu da Luka da Yohanna kuwa, bisa ra'ayin yawancin masana, tsakanin wajajen shekara ta 65 da ta 100. Ke nan an yi tsara guda ana baftisma, ana jibin Ubangiji, ana naɗa dattawa, alhali abin dogaro shi ne wa'azin manzanni da shaidar waɗanda suka gani da idonsu.

Tantance littattafan da suka cancanci a karanta a cikin sujada ya ɗauki ƙarnuka, kuma gardama ce ta hanzarta shi. Wajen shekara ta 144 wani malami mai suna Marsiyon ya bayyana a Roma yana watsi da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, ya kuma riƙe Linjilar Luka da wasiƙun Bulus goma kawai bayan ya yi musu gyara, abin da ya tilasta wa shugabannin ikkilisiya su fayyace abin da suka karɓa. Wajen shekara ta 180 Iraniyus na birnin Liyon ya tsaya a kan Linjila huɗu, a shekara ta 367 kuma Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ya lissafta littattafai 27 ɗin da ke cikin Sabon Alkawari a yau, sannan tarurrukan Hippo a 393 da Kartaj a 397 suka tabbatar da jerin. Ya dace mai karatu ya lura cewa Iskandariya da Hippo da Kartaj duka a Afirka suke, a Masar da Aljeriya da Tunisiya na yanzu, can ɗaya gaɓar Saharar da ayarin Damagaram ke ratsawa zuwa Tarabulus a ƙarni na 19.

Daga wannan tarihi ne hujjoji biyu suka fito. Katolika suna cewa tun da ikkilisiya ce ta tantance littattafan, to nassi da al'adar manzanni da koyarwar bishop-bishop ba sa rabuwa, kuma taron Tirent ya ƙarfafa wannan matsayi a 1546, ya tabbatar da jerin da ake ƙirgawa littattafai 73. Furotesta kuwa, tun daga boren Martin Luther a Jamus a 1517, suna cewa ikkilisiya ba ta ba littafin iko ba, ta dai gane ikon da ke cikinsa ne, don haka nassi ne ke hukunta shugabanni, kuma suka tsaya a kan littattafai 66. Matsayi na biyun nan, a sigarsa mafi tsauri, shi ne ya fara isowa kudancin Nijar.

Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda Rowland Bingham da abokansa biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, suka soma a 1893, ba ta wata ɗariƙa guda ba ce. Abin da ya haɗa ma'aikatanta, waɗanda suka zo daga Kanada da Amurka da Ingila da wasu ƙasashen, shi ne yarda cewa Littafi Mai Tsarki ba shi da kuskure kuma ya isa jagora shi kaɗai. Ta shiga Damagaram a 1924, lokacin da birnin ke babban birnin mulkin mallakar Faransa a Nijar, ta buɗe tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi bayan ƴan shekaru, sannan ta bazu zuwa wurare kamar Dogon Dutsi da Dungas, da asibitin Galmi a 1950, da gidan kutare na Danja. Katolika sun kafa mishan ɗinsu na farko a Yamai a 1931, kuma na dogon lokaci mabiyansu a Damagaram da Maraɗi galibi baƙi ne, ma'aikatan gwamnati da ƴan kasuwa daga Dahome da Togo da sauran ƙasashen gaɓar teku. Saboda haka Kiristancin da ya shiga ƙauyukan Hausawa, gwargwadon shigar da ya yi, na masu bishara ne, wato masu fifita wa'azi da tubar mutum shi kaɗai da karatun nassi.

Littafin da suka zo da shi ba a Nijar aka shirya shi ba. James Frederick Schön ya fara fassara sassansa zuwa Hausa tun tsakiyar ƙarni na 19, amma cikakkiyar fassarar ta fito ne a 1932, bisa aikin da Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya jagoranta a Zariya tare da Hausawan da suka zauna da shi. An buga ta da haruffan boko bisa karin harshen Kano da Zazzau, ko da yake an fitar da wasu sassa da ajami domin almajirai da malamai, sannan aka yi sabuwar fassara wajen 1980. Ma'anar wannan ita ce, shekaru takwas kacal bayan isowar mishan Damagaram, tun ba a samu taron masu bi da za a kira ikkilisiya mai tsayuwa da ƙafarta ba, littafin gaba ɗaya ya riga ya kammala cikin harshen da manomin Magarya ke ji ba tare da tafinta ba.

Dalilai da dama ne suka haɗu suka ɗaga darajar nassi a wannan yanki fiye da darajar kowace hukumar ikkilisiya, kuma mafi ƙarfinsu, a ganin wannan nazari, bai fito daga mishan ba. Ƙasar Hausa ƙasa ce da ta yi ƙarnuka tana girmama rubutu, inda yaro ke tashi da allo a hannu, inda malami ke samun ƙima gwargwadon littattafan da ya sauke, inda kuma Alƙur'ani ya riga ya sanar da jama'a sunayen Attaura da Zabura da Linjila, ya kira masu su ma'abota littafi. Wanda ya bar addinin iyayensa a irin wannan wuri ba zai kare kansa a gaban dangi da sunan wani bishop na nesa ba. Abin da za a tambaye shi shi ne ina littafinsa, kuma me ya ce. Malaman Musulunci suna riƙe da cewa an sauya littattafan da suka gabata, Kiristoci kuma suna musanta haka, amma ɓangarorin biyu sun yarda cewa a kan nassi ake yin gardamar. Labarin Isawa ya nuna zurfin wannan ɗabi'a: almajiran Malam Ibrahim ne, wanda aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi saboda matsayin da ya ba Annabi Isa bisa karatunsa na Alƙur'ani, kuma zuriyar wasu daga cikinsu ce ta je wurin Miller a 1913, ta zauna a ƙauyen Gimi.

Dalili na biyu siyasa ce. Faransawa sun yi zargin ƴan mishan masu jin Turancin Ingilishi, suna ganinsu idon Ingila ne a bakin iyaka, kuma dokar 1922 ta wajabta koyarwa da Faransanci a makarantu masu zaman kansu na yankunan da Faransa ke mulka a Afirka ta Yamma. SIM ba ta da isassun malaman Faransanci, ba ta kuma da sha'awar horar da akawu ga gwamnati, don haka ta karkata ga azuzuwan karatun Hausa da makarantun Littafi Mai Tsarki irin ta Tsibiri. Dalili na uku kuwa iyaka ce: layin da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 bai hana mutumin Dungas cin kasuwar Maigatari ba, kuma ta hanyoyin da gyaɗa da dabbobi ke bi ne littattafan waƙoƙi da masu bishara daga arewacin Najeriya ke shigowa, musamman bayan kafa ikkilisiyar ECWA a can a 1954.

Amfanin farko na wannan tsari a bayyane yake. Karatu ya zama kusan sharaɗin zama cikakken mai bi, har mata da manoma da majinyatan Danja, waɗanda makarantar gwamnati ba ta taɓa kaiwa gare su ba, suka iya karanta Hausa da rubuta wasiƙa. Shugabanci na gida ya taso da wuri, domin mai bishara da ke da littafi da ɗan horo yana iya riƙe taron ƙauye ba tare da jiran firist ba, kuma a kan haka ne aka kafa ikkilisiyar EERN a farkon shekarun 1960, daidai lokacin samun ƴancin kai.

Sai dai wuƙar tana da kaifi biyu, kuma ƴan mishan ne suka fara jin ɗaya kaifin. Wanda aka koya wa cewa nassi ya fi kowane mutum iko, zai auna malaminsa ma da nassin. Batun auren mace fiye da ɗaya shi ne misali mafi zafi, domin mishan ta hana baftisma ko matsayi ga mai mata biyu, alhali mai karatu yana ganin Ibrahim da Yakubu da Dawuda a Tsohon Alkawari da matansu, yana kuma ganin cewa sharaɗin mace ɗaya a wasiƙun Bulus an ambace shi ne game da shugabanni. Haka nan iyaye Kiristoci sun yi ƙorafin cewa ƙin karatun Faransanci ya bar ƴaƴansu a baya wajen samun aikin gwamnati, yayin da ƴaƴan makarantun Katolika suka shige gaba, kuma wannan ƙorafi yana da gaskiya, domin addinin da ya zauna cikin Hausa zalla ya sami zurfi a gida amma ya rasa murya a Yamai na tsawon shekaru.

Sakamako mafi nauyi shi ne rarrabuwa. Inda babu hukumar da kowa ya yarda ta yanke hukunci idan fahimta ta saɓa, kowane ɓangare yana fita da ayoyinsa, kuma hakan ta faru da EERN wajen 1990, inda ikkilisiyoyin UEEPN da Salama suka kama hanyarsu. Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan aƙida, domin rigimar shugabanci da dukiya da bambancin yanki sun taka rawa, amma aƙidar ce ta sa rabuwa ta zo da sauƙi. Taron Ƙasa na Nijar na 1991 ya buɗe ƙofar kafa ƙungiyoyi, sai majami'un Fentikos suka yawaita, da yawansu daga Najeriya, masu jaddada baye-bayen Ruhu Mai Tsarki da warkarwa da wadata. Su ma suna ɗaga littafin, amma a aikace iko yakan koma ga faston da ake ganin yana da shafewa, wato baiwa ta musamman daga Allah, kuma wannan wata hanya ce ta dawo da ikon mutum bayan an kore shi. Katolika kuwa sun matso daga nasu gefen: taron Batikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya ƙarfafa karatun nassi da sujada cikin harsunan gida, kuma a 2001 aka kafa dayosis na Maraɗi, wanda Damagaram ke ƙarƙashinsa.

Irin wannan motsi bai tsaya ga Kiristoci ba, domin ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978, da fassarar Alƙur'ani zuwa Hausa ta Shaihu Abubakar Gumi, sun sa Musulmin yankin ma tambayar hujja daga nassi maimakon dogaro ga abin da aka gada, da irin wannan sakamako na yawan karatu da yawan saɓani. Tarzomar 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, wadda ta biyo bayan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa kuma aka ƙona majami'u a cikinta, ta nuna iyakar wannan tarihi: masu ƙonawar sun ɗauki majami'a a matsayin gidan Faransa, alhali yawancin masu bishara na yankin da Hausa suke sujada, kuma mishan ɗin da ta kafa su ita kanta Faransawa ba su amince da ita ba. Idan aka auna duka, fifita nassi ya ba Kiristocin kudancin Damagaram karatu da shugabanni na kansu cikin ɗan lokaci, amma bai ba su hanyar warware saɓani ba, kuma wannan giɓi ne ya raba ƴan tsirarun da ba su kai kashi 1 cikin 100 ba zuwa ɗariƙu da yawa.