Tsohon Katin Hoto Ko Sabo: Wanne Ya Dace Da Mai Sana'a A Nguru Da Gashuwa?

Tun daga 1930 da layin dogo ya iso Nguru daga Kano, mutanen arewacin Yobe suka saba da karɓar kayan zamani da hannu biyu. A yau kuwa kwamfuta ta zama jarin samari da yawa a Nguru da Gashuwa: masu ɗaukar hoto, da masu tace bidiyon biki, da masu buga fasta da katin gayyata, ga kuma ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gashuwa wadda aka kafa a 2013. Tambayar da ke damun yawancinsu ita ce, shin mutum ya riƙe tsohon katin hotonsa ne, ko kuwa ya zuba jarinsa a kan sabo?

Katin hoto, wanda masu gyara ke kira girafik kad, wani allo ne da akan soka a cikin kwamfuta, shi ne ke zana duk abin da ido ke gani a fuskarta. Kamfanoni biyu ne suka daɗe suna jan ragamar ƙera shi, watau Nvidia da AMD, dukkansu na Amurka. A 1999 Nvidia ya fito da GeForce 256 mai ma'ajiyar megabait 32 kacal. A Janairun 2025 kuwa ya fito da RTX 5090 mai gigabait 32, wato ma'ajiyar ta ninka sau dubu a cikin shekara 26.

Amma mai sana'a ba tarihi yake saye ba. Abin da ya kamata ya auna shi ne sauri, da cin wuta, da kuma kuɗi.

In dai don sauri ne, babu gardama sabo ya tsere wa tsoho. A ɗauki GTX 1060 na 2016, wanda ya yi farin jini ƙwarai a duniya, a gwada shi da ajinsa na 2023, watau RTX 4060. Na farkon yana da gigabait 6, yana cin wuta wat 120. Na biyun yana da gigabait 8, yana cin wat 115, amma aikinsa ya kai ninki biyu na wancan. Ke nan da wutar da tsoho zai yi aiki ɗaya, sabo zai yi biyu. Dalili kuwa shi ne ana ta ƙanƙanta ƙwayoyin lantarkin da ke cikinsa, sai a cusa da yawa a ɗan fili kaɗan. Bugu da ƙari, tun daga 2018 katunan RTX suka zo da sassa na musamman masu lissafin haske da inuwa, da masu aikin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda tsofaffin ba su da su ko kaɗan.

To, sai dai ba kowane sabo ne mai tattalin wuta ba. RTX 4090 na 2022 yana shan wat 450, shi kuwa RTX 5090 wat 575, har kamfanin ya ba da shawarar a haɗa shi da akwatin wuta mai wat 1,000. Ɗan ƙaramin janaretan nan da ake gani a ƙofar shaguna bai kai haka ba. Idan kati mai wat 450 ya yi awa 8 yana aiki gadan-gadan, zai sha wuta kusan ninki huɗu na abin da mai wat 115 zai sha. A garuruwan da wutar gwamnati ke zuwa jefi-jefi, kuma man fetur ya yi tsada tun da aka janye tallafi a Mayun 2023, wannan lissafi shi ne bambancin riba da faɗuwa. Wanda ya dogara da hasken rana ma sai ya ƙara faranti da batir.

Ga kuma yanayin ƙasar. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki, a lokacin hunturu kuma ƙura ta cika ko'ina. Duk wutar da kati ya sha zafi take komawa, in kuwa zafin ya yi yawa sai katin ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Saboda haka babban kati a shagon kwano marar iska zai iya kasa nuna bajintar da aka biya kuɗi dominta.

A nan ne ake tuna cewa da tsohuwar zuma ake magani. GTX 750 Ti na 2014 wat 60 yake ci, GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019 kuwa wat 75, kuma galibinsu ba sa bukatar ƙarin wayar wuta. Shi ya sa suke zama daram a cikin kwamfutocin HP da Dell na hannu da ake sarowa daga Titin Beirut a Kano ko Ikeja a Legas, muddin an sami gajeren samfurin da zai shiga akwatin. Ga mai buga takardu, da gyaran hoton fasfo, da zanen fasta, irin waɗannan sun wadatar, har ma sau da yawa ƙarin ma'ajiyar kwamfutar ya fi sauya kati amfani.

Duk da haka, araha ba ta ado. Katuna da yawa, musamman RX 580 na AMD na 2017, sun shafe shekaru dare da rana suna haƙar kuɗin intanet, kuma da aka daina haƙar Ethereum da kati a Satumban 2022 sai aka antayo su kasuwannin duniya. Wasu fankarsu ta gaji, wasu man sanyayarsu ya bushe. Har ila yau, a Oktoban 2025 Nvidia ya daina sabunta manhajar da ke tuƙa katunan zamanin GTX 750 Ti da GTX 1060, sai gyaran tsaro kawai zuwa 2028. Sannu a hankali sababbin manhajojin tace bidiyo za su juya musu baya.

Batun kuɗi kuwa, da dala ake sayo kati. RTX 4060 ya fito a kan dala 299, RTX 5090 kuwa dala 1,999. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ci bashi ya sayi abin da ya fi ƙarfin aikinsa, to, ya jefa jarinsa a rijiya.

Shawara a nan ita ce daidai ruwa daidai tsaki. Mai aikin takarda da hoto ya riƙe tsohonsa, ya riƙa kakkaɓe masa ƙura, ya sa na'urar daidaita wuta. Mai tace bidiyon biki kullum, wanda jinkirin awa ɗaya ke hana shi karɓar wani aikin, ya nemi sabo matsakaici mai ƙarancin cin wuta. Wanda kuma zai sayi na hannu, kada ya biya sai an kunna shi a gabansa, an ɗora masa aiki mai nauyi na rabin awa, ya ga bai ɗauke ba, bai kuma watsa zane-zane a fuskar kwamfuta ba. Allah Ya sa albarka a cikin nema, amin.