Babi na Uku: Hawan Tudu Ɗaya Har a Cimma Tsawon Everest

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan hawan keke a matsayin wasan motsa jiki da nishaɗi. A wannan babi kuwa za a dubi wani nau'in gwajin juriya da masu sha'awar keke suke kira Everesting. Za a kawo ma'anarsa da asalinsa da ƙa'idojinsa, sannan a nuna yadda nasara a cikinsa ta dogara ga lissafi da tsari kamar yadda ta dogara ga ƙarfin ƙafa.

3.1 Ma'ana da Asali

Abin da ake nufi da Everesting shi ne mutum ya zaɓi tudu guda ɗaya, ya yi ta hawa da sauka a kan keke, har jimillar abin da ya hau ta kai mita 8,848. Wannan adadi shi ne tsawon tsaunin Everest daga doron teku kamar yadda aka daɗe da saninsa, kafin ƙasashen Nepal da Sin su bayyana sabon awo na mita 8,848.86 a shekarar 2020.

Ana danganta asalin wasan ga George Mallory, jikan shahararren mai hawan tsaunin nan da ya ɓace a kan Everest a 1924, wanda shi ma sunansa George Mallory. A 1994 jikan ya yi ta maimaita hawan tsaunin Donna Buang da ke jihar Victoria ta Ostireliya a kan keke, yana shirin hawan Everest ɗin kansa, wanda ya samu yi a 1995. Bayan shekara 20, wato a 2014, Andy van Bergen na ƙungiyar masu keke ta Hells 500 da ke birnin Melbourne ya tsara wa abin ƙa'idoji, daga nan ya bazu a duniya.

3.2 Ƙa'idoji

Muhimman ƙa'idojin su ne kamar haka:

(i) Tudu ɗaya ake bi, kuma ta hanyar da aka hau ta nan ake sauka.
(ii) A fita ɗaya ake gamawa. An yarda a tsaya a ci abinci ko a huta, amma ba a yarda a yi barci ba.
(iii) A kan keke ake hawa, ba a sauka a tura shi.
(iv) Dole a ɗauki bayanin tafiyar da na'ura, a ɗora shi a manhajar Strava, domin masu tantancewa su duba.

3.3 Zaɓen Tudu

Tun da tsawon da za a hau ba ya canzawa, babban abin da ke hannun mai keke shi ne tudun da zai zaɓa. Idan hanya tana ɗagawa mita 5 a kowace mita 100, sai an yi hawan kimanin kilomita 177, a ƙara da wasu 177 na gangara, jimilla 354 ke nan. Idan kuwa tana ɗagawa mita 10, tafiyar duka ba za ta wuce kimanin kilomita 177 ba. Bisa ga wannan, tudu mai tsauri yana rage nisa da lokaci, amma yana cin gwiwa da ƙugu. Shi kuma mai sauƙi yana sassauta wa jiki, sai dai yana tsawaita zama a kan sirdi har barci ya fara fisgar mutum. Haka kuma hanya mai yawan kwana tana tilasta taka burki a gangara, wanda hasarar lokaci ne, ga kuma hatsari idan gajiya ta taru.

3.4 Abinci da Ƙarfin Jiki

Mutumin da nauyinsa haɗe da kekensa ya kai kilo 80 yana bukatar aikin kimanin kalori 1,660 kafin ya ɗaga wannan nauyi zuwa mita 8,848. Sai dai kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na abin da jiki ya ƙona yake isa ga feda, saura yakan fita a matsayin zafi. Saboda haka abin da za a ƙona ya kai kimanin kalori 7,000, alhali sukarin da hanta da tsoka suke ajiyewa bai wuce na kimanin 2,000 ba. Wannan ne ya sa mai keke yake ci yana sha tun daga sawun farko, ba ya jira sai yunwa ta kama shi.

3.5 Shekarar 2020 da Matsalar Awo

A 2020 annobar korona ta sa an dakatar da tseren kekuna, sai ƙwararru da masu sha'awa suka koma ga wannan wasa, domin mutum ɗaya ma yana iya yin sa a tudun garinsu. A watan Yuni Lachlan Morton ɗan Ostireliya ya yi nasa a jihar Colorado ta Amurka, amma da aka bincika sai aka gano an yi kuskure a awon tudun, bai cika adadin ba, aka soke. Bayan mako guda ya sake, ya gama a awa 7 da minti 29. A watan Yuli Alberto Contador na Sifen ya yi a awa 7 da minti 27, ita kuma Emma Pooley ta Birtaniya ta yi a awa 8 da minti 53. A watan Maris na 2021 Ronan McLaughlin ya gama a awa 6 da minti 40 a Mamore Gap da ke ƙasar Ailan, inda hanyar take ɗagawa kimanin mita 14 a kowace 100. Sauran jama'a kuwa sukan fara tun kafin asuba su kai dare, kuma burinsu shi ne su gama kawai.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa Everesting ya samo asali ne daga atisayen mutum ɗaya a 1994, ya samu ƙa'idoji a 2014. An kuma nuna cewa zaɓen tudu da tsarin cin abinci da ingancin awo su ne ginshiƙansa, kamar yadda abin da ya sami Morton ya tabbatar: kuskure kaɗan a awo ya rushe wahalar fiye da awa bakwai. Babi na gaba zai dubi irin kekuna da kayan aikin da ake amfani da su.