Gyaran Makewayi: Lissafin Kuɗi da Zaɓen Ma'aikata a Ƙasar Mafara

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, magidanta da yawa a Talata Mafara da Bakura da Maradun suka zama masu kaka biyu, ta damina da ta noman rani, kuma galibi sai an sayar da shinkafa, kuɗi sun zauna a hannu, sa'an nan ake tuna gyaran gida. Amma abin mamaki, za a sake rufin zaure, a shafe ɗakin baƙi, makewayi kuwa, wanda tsarkin iyali da ingancin alwalarsu suka dogara a kansa, shi ne ake bari sai abin da ya ragu.

Wanda ya yi azamar gyara, wajibi ne ya fara lissafinsa daga ƙarƙashin ƙasa, domin rami da bututu da magudanar ruwa su ne asali, tayil da fenti kuwa far'i ne, ko da yake su ne ido ke so. A unguwannin da ke kusa da fadama ko hanyoyin ban-ruwa, inda ruwa bai yi nisa a ƙasa ba, ramin masai yana bukatar a ɗaure shi da bulo tun daga gindi, a rufe shi da kankare mai rodi, in ba haka ba damina ɗaya ta isa ta rufta shi. Masana kiwon lafiya suna shawartar a nisanta shi da rijiya kamar mita 30, kuma wanda ya ga yadda amai da gudawa ya addabi Zamfara a 2021 ba zai ɗauki wannan sharaɗi da wasa ba. Haka nan, kafin mutum ya sayi masai na zamani mai tanki a baya, ya tambayi kansa daga ina ruwan zai zo, gama kowace kora tana cin lita shida zuwa tara. Gidan da ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa, na tsugunno wanda buta da bokiti ke wadatarwa ya fi masa maslaha, kuma babu aibi a cikinsa. Tsoho mai ciwon gwiwa ne kaɗai za a yi wa uzuri.

Game da farashi kuwa, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin dako ya hau kan kowane buhun siminti, ko na BUA ne da ke fitowa daga Kalambaina ta Sakkwato, ballantana kayan famfo da ake ɗaukowa daga Gusau ko Kano. Saboda haka ƙiyasin da aka yi yau ba ya jiran wata mai zuwa. Ya kamata a raba takarda gida biyu, kuɗin kaya daban, ladan aiki daban, maigida ya je da kansa ya yi ciniki tare da mai aikin, a kuma ware kamar ushurin jimlar saboda abin da zai bayyana idan an fasa tsohon daɓe.

Zaɓen ma'aikaci shi ne inda aka fi tuntuɓe. A da, magina suna da sarkinsu, wanda ake kai wa ƙara idan gini ya yi ha'inci. Yanzu kuwa kowa ya riƙi cokalin gini ya zama birkila. Kada a wadatu da shaidar baki: a je a ga makewayin da ya gina shekara biyu da suka wuce, a dubi gindin bango ko yana jan laima, a tambayi masu gidan. Birkila daban, mai aikin famfo daban, kuma lalle su haɗu kafin a zuba daɓe, don kada a fasa abin da aka riga aka biya. Idan an zo jinga, a ambaci aikin gaɓa-gaɓa, da wa'adi, da wanda zai biya lebura, a rubuta gaban shaidu, domin malaman fiƙihu sun sharɗanta a ijara cewa a san aikin, a san ladan. Ko batun alƙibla ma a nan ake warware shi: Malikiyya sun yi rangwame kan fuskantarta yayin biyan bukata a cikin gini, amma mafi yawan mutanenmu sun fi son masai ya dubi kudu ko arewa.

Kafin-alƙalami kada ya wuce abin da zai tayar da aiki. Idan magini ya ce, "Alhaji, aiki ya ƙare," sai maigida ya ce, "Madalla, Malam, a kawo bokiti," ya kwara ruwa a kusurwar da ta fi nisa da rariya, ya tsaya ya gani. In ruwan ya bi gangare ya fice, a cika masa haƙƙinsa nan take, ba tare da ja masa rai ba. In ya kwanta a tsakiya, sauran kuɗin su jira har a tayar da daɓen a gyara.