Yadda Iyaye Za Su Taimaki Yara Wajen Lissafi a Gida

Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta a shekarar 1976, ta kuma kafa shirin UBE a 1999 domin kowane yaro ya samu ilmin tushe. Amma malami shi kaɗai ba zai iya ba, musamman a fannin lissafi, wanda rashin cin sa kan hana ɗalibi shiga jami'a. Ya wajaba iyaye su sa hannu.

Kada wani ya ce bai yi boko ba. Dattijon da ya bar fam da sule ya kama naira da kwabo a 1973 bai buɗe littafi ba, kuma ba a cuce shi a kasuwa ba.

Mu ɗauki Agege ta Ikko, inda Hausawa suka daɗe suna fataucin goro. Ƙwarya guda goro 100 ce. Uba ya ce wa ɗansa: "Na sayo ƙwarya 3, na tarar 24 sun yi sankara. Ragowar zan raba wa 'yan talla 4. Nawa kowa zai samu?" Sai ya yi shiru, ya bar yaro ya yi tunani. Amsa ita ce 69, wato a ɗebe 24 daga 300, a raba 276 gida huɗu. Wani yaron zai fara rabawa ya samu 75, sa'an nan ya ɗebe 24 ya ce 51. Kada a yi masa tsawa, balle duka. A tambaye shi, 'yan talla huɗu kowa da 51, goro nawa ke nan? Da ya ga 204, shi da kansa zai nemi inda 72 suka shige. Wannan binciken ya fi amsar amfani.

Akwai kuma batun harshe. Yaron Agege yana jin Hausa a gida, Yarbanci a titi, Turanci a aji. Sau da yawa ba alƙaluman ne suka gagare shi ba, Turancin tambayar ne. Saboda haka kafin ya ɗauki fensir, a sa ya faɗi tambayar da Hausa: me aka ba shi, me ake nema?

Uwa ma tana da mudu da canjin cefane, kuma a sa 'ya'ya mata a ciki daidai da maza. Minti 15 bayan sallar Magariba sun isa, in dai kullum ne.