Jakar Da Aka Bari A Buɗe

A watan Nuwamba na 2003 wasu jaridun Amurka, ciki har da Wall Street Journal, suka fara buga takardun sirri na 'yan jam'iyyar Dimokurat da ke Kwamitin Shari'a na Majalisar Dattawan ƙasar. Takardun sun ƙunshi shawarwari kan yadda za a tunkari alƙalan da Shugaba George W. Bush ya gabatar domin a amince da naɗinsu. Nan take aka ɗora wa babban jami'in tsaron majalisar, William Pickle, alhakin gano yadda aka haihu a ragaya.

Rahoton da ya miƙa a watan Maris na 2004 ya nuna cewa wani ƙaramin ma'aikaci a ɓangaren jam'iyyar Rifublikan ya kwashi fayil 4,670 daga 2001 zuwa 2003, shi da wani babbansa suna karantawa. Abin mamaki, ba kalmar sirrin kowa aka sata ba. Jam'iyyun biyu suna ajiya ne a babbar kwamfuta guda, jami'in da ke kula da ita kuwa ya riƙa buɗe wa ma'aikata jakunkunan ajiya ba tare da ya taƙaita izinin shigarsu ba. Ƙaramin ma'aikacin ya ga hanyar ne kurum wata rana da jami'in yake aiki a kan kwamfutarsa.

To, mene ne wannan izini? Kowace jaka a kwamfutar ofis tana ɗauke da bayanin wanda aka yarda ya taɓa ta, da iyakar abin da zai yi. Tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma ginawa a ɗakunan bincike na Bell a 1969, ya kasa jama'a gida uku: mai jakar, da rukuninsa, da sauran mutane. Izinin ma iri uku ne, kowanne da lambarsa: karantawa 4, rubutawa 2, zartarwa 1, wanda ga jaka yake nufin ikon shiga cikinta. Ana tara lambobin ne ga kowane gida. Alal misali, 750 na nufin mai jaka yana da cikakken iko, rukuninsa su shiga su karanta, bare kuwa ko leƙe. Amma 777 ƙofa ce da aka cire wa ƙyaure.

Akwai wani tarko a nan da ke kama har gwanaye. A Unix, wanda aka ba izinin rubutawa a jaka yana iya share fayil ɗin da ke cikinta ko da ba a yarda ya karanta shi ba, domin shara ana lissafa ta ne a matsayin sauya jakar, ba fayil ɗin ba.

Tsarin Windows NT da ya fito a 1993 ya bi hanya mai faɗi, inda kowace jaka ke da jerin sunayen mutane da rukunoni, da abin da aka halatta ko aka haramta wa kowannensu. A tsarin Windows na yau ƙaramar jaka tana gadon izinin babbar da ke ɗauke da ita. Gadon nan sauƙi ne ƙwarai ga ofis mai dubban takardu, sai dai kuskure guda a sama yakan gangaro har ƙasa ba tare da an ankara ba. Wanda aka hana shiga jakarsa zai kai ƙara nan da nan; wanda ya tarar da ta wani a buɗe kuwa da wuya ya ce uffan.

Tun a 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka shimfiɗa ƙa'idar cewa kada a ba kowa iko fiye da abin da aikinsa ke bukata, kuma hani ya zama shi ne asali, sai an ba da izini a fili. Wannan ne ya sa ƙwararru suka fi son raba izini ga rukuni, kamar na sashen kuɗi, maimakon mutum ɗaiɗai: in ma'aikaci ya sauya sashe, cire sunansa wuri guda ya wadatar.

Shi kuwa babban ma'aikacin can na majalisar ya ajiye aiki a watan Fabrairu na 2004, yana mai kafa hujja da cewa bai keta wata doka ba, tun da jakunkunan a buɗe aka same su.